Wanda Ya Fita Ba Sallama

Ƙarfe biyun dare a Arkilla.
Wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Zafin bazara bai san dare ya yi ba.
Na ɗora kwamfuta kan bulo biyu
don cikinta ya sha iska,
na buɗe lambobin da aka aiko daga ƙasar ƙanƙara.

Can, ƙarƙashin gonakin wasu mutane,
an haƙa rami zagayayye kamar awarwaro,
kewayensa ya fi tafiyar nan zuwa Kware.
A ciki ake sakin ƙwayoyin da ido bai taɓa kamawa ba,
a kora su da gudu,
a haɗa su goshi da goshi kamar raguna,
su tarwatse.
Ni aikina tsintar ɓaraguzai.

Ƙa'idar ba ta fi ta sikelin babana wuya ba:
abin da ya fantsama gabas
sai yamma ta biya shi daidai.
In lissafi ya karkace,
to wani ya fita ba sallama,
ya ratsa ƙarfe da dalma, bai bar sawu ba.
Shi muke biɗa.
An ce nauyinsa ya ninka sau biyar
duk abin da ke haske da abin da haske ke taɓawa,
shi ke riƙe da garken taurari
kada su zube kamar gero daga faifai.
Ba shi da launi. Baƙi muke ce masa
don ba mu san sunansa ba.

Wata Talata lissafi ya karkace.
Ɗan tudu ya taso a kan zane,
bai kai ƙurjin sauro ba.
Mako uku ina kiwonsa a ɓoye.
Rumasa'u ta ajiye tuwo, ta ɗauke shi da sanyi,
ta ce ko bashi ake bi na.
Na tsaya kan gadar Rima da la'asar
ina kallon ruwa yana motsi inda ba iska,
na ce a raina: akwai kifi a nan.

Sai saƙo ya zo, layi biyu, cikin ladabi.
Wani sashe na na'urar ya mutu a kwanakin nan.
Ashe ba baƙo ne ya wuce ba,
mu ne muka rufe ido ɗaya.

Na tafi rumfar fatu wurin tsoho.
Warin jima, ƙudaje, jajayen fatun awaki a jibge.
Bai ɗago ba ya ce,
"Mi yas same ka, Sirajo?"
Na faɗa masa iya abin da zai faɗu.
Ya yi dariya har tasbaha ta zame.
"Shekarar da anka yi babban ruwa,
sikelin ga shina ƙara nauyi kullum.
Kwana arba'in ina zargin yaran shago,
har aljanu na zarga.
Da nij juya faranti,
zanzaro na ya gina ɗakinai a ƙasa."
Ya tofa goro. "Amma ka ga,
tun ran nan na san inda ɓarawo ba ya."

Yau ma wuta ta dawo da biyun dare.
Na goge tudun, na ja layi a ƙarƙashi,
na rubuta: ba ya nan, ba ya nan, nan ma ba ya.
Daji ya ragu da taki ɗaya.
A tsakar gida randa na zufa,
sama ta cika fal da abin da ake gani,
wanda ba a gani kuwa
yana ratsa katanga, da gidan sauro, da ƙirjin Rumasa'u mai barci,
da tafin hannuna a buɗe,
bai ce mini komai ba.

Na jawo fayil na gaba.